Yadda na sha fama kafin bidiyona na karofin Ƙofar Mata ya hau YouTube da HDR

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, kamu da ɗaurin aure da walimar sauka, kuma na kai shekara shida ina yi ba tare da na taɓa damuwa da wani tsarin haske da launin bidiyo wai shi HDR ba. Da bazarar da ta wuce ne na ce bari in yi wani aiki na kaina wanda ba amarya ba ango, na tafi karofin Ƙofar Mata a Kano, marinar nan da ake cewa tun 1498 take, na kwana biyu ina ɗaukar masu rini da masu bugu. Bidiyon minti 18 ne kacal, amma sai da na ɗora shi sau uku, na ƙona data sama da gigabait 15, na ɓata kusan mako biyu, kafin ya fito yadda idona ya gan shi. Ga yadda aka yi, ko wani zai tsira da datarsa.

Da iPhone 13 na ɗauka. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayoyin nan suna ɗaukar bidiyo da HDR, kuma maɓallin a kunne yake zuwa, don haka mutane da yawa HDR suke ɗauka ba su ma sani ba. Ni ma ban sani ba. Abin da na sani kawai shi ne da na koma gida da daddare na duba a fuskar wayar, sai da na ce tabarakallah. Ranar sha biyu ta bugi farin yadi da aka shanya, amma ana ganin zaren saƙar, bai zama fari fat kamar takarda ba. A cikin hoto guda kuma ana hango cikin ramin rini, duhunsa da kumfar da ke yawo a saman ruwan baba. Rawanin ɗan Kura da aka gama bugawa yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Duk wanda ya taɓa ɗaukar biki da rana tsaka ya san wannan ciwon: ka gyara haske don fuskar ango, farar babbar rigarsa ta ƙone, ka gyara don rigar, fuskar ta nutse. To amfanin HDR kenan, ya riƙe haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi a lokaci guda.

Washegari na kwashe fayilolin zuwa laftof ɗina, na buɗe tsohuwar manhajar da nake editin ɗin biki da ita. Tun a nan ya kamata in tsaya, domin hoton ya fito fayau, kamar yadin da aka wanke sau ɗari. Shuni ya koma ruwan toka, farin yadin nan ya ƙone, fuskokin mutane sun yi fari-fari kamar masu fama da hunturu. Sai na ce ai laifin allon laftof ne, idan ya hau intanet zai gyaru. Na ƙara ɗan kala da hannu, na yanka, na jera, na fitar da shi 1080p kamar kullum. Da na zo ɗorawa sai na ci karo da shinge na farko: sabuwar tasha ba ta ɗora abin da ya wuce minti 15 sai an tantance ta da lambar waya. Wannan bai ɗauki lokaci ba, na sa lambata, saƙo ya shigo da lambobi shida, na shigar, hanya ta buɗe. Bidiyo ya hau cikin kamar awa ɗaya. Na buɗe a waya da zumuɗi, sai ga shi fayau ɗin nan dai, ga kuma kalar da na ƙara ta mai da shunin wani irin shuɗi na roba. Na danna wurin zaɓen inganci, babu HDR babu alamarsa. Na goge shi tun kafin kowa ya gani.

Na kwana biyu ina juya abin a raina, daga baya na haƙura na nufi Titin Zoo wurin maigidana, wanda a hannunsa na koyi riƙe kamara. Na zayyana masa komai. Bai ko kalli bidiyon ba, ya ce, “Kawo fayil ɗin da ka ɗora, da kuma wanda ya fito daga waya.” Ya buɗe su biyun da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna MediaInfo, wadda ba ta nuna hoto, sai dai ta karanto abin da ke rubuce a jikin fayil. Na wayar ya nuna bit 10, launi BT.2020, tsarin haske HLG, har da Dolby Vision a sama. Nawa da na fitar ya nuna bit 8, BT.709, wato launin bidiyon yau da kullum. Ya juyo ya ce, “Kai, ka taɓa aika kaya a tasha?” Na ce sau nawa, Maigida. Ya ce, “To idan yaran mota suka yage takardar da ka liƙa a jikin buhu, direba ya san inda zai sauke shi? Bidiyonka buhu ne. Manhajarka ta yage takardar, ta kuma zazzage rabin kayan a hanya.”

Abin da ya yi mini bayani ranar, wanda na so a ce na sani tun farko, shi ne YouTube ba ya duban hoto ya ce wannan ya yi kyau, HDR ne. Shaidar da ke jikin fayil yake karantawa. Tun Nuwamba 2016 yake karɓar HDR, kuma sharuɗɗansa a fili suke. Zurfin launi ya zama bit 10 ko 12. Bit 8 matakai 256 gare shi a kowane launi daga duhu zuwa haske, bit 10 kuwa 1024, shi ya sa sararin sama ba ya yin layi-layi. Tsarin haske ya zama PQ ko HLG. A kuma rubuta wannan a jikin fayil ɗin da kansa. Tsohuwar manhajata ba ta san HLG ba, ta karanta shi kamar bidiyon yau da kullum wanda aka tsara wa allo mai hasken nit 100 (nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken allo), shi ne kalar ta tsiyaye. Ni kuma na zo na yi ta shafa kala a kan ɓarna.

Muna cikin duba sauran fayilolin sai wata matsalar ta ɓullo. Hotunan rana ta biyu, na ɗakin masu bugu, duk bit 8 ne, kuma ƙanana. Sai na tuna ranar kebul ɗina ya ƙi aiki, na tura su zuwa laftof ta manhajar hira. Irin waɗannan manhajoji matse bidiyo suke don ya yi sauƙin tafiya, ba don editin aka yi su ba. Allah ya taimake ni ban goge na asali daga waya ba. Maigida ya karɓi wayar, ya shiga saitin hotuna, wurin da ake zaɓen yadda za a tura zuwa kwamfuta, ya cire shi daga na atomatik ya mai da shi kan a bar fayil yadda yake, domin na atomatik ɗin yana iya canja wa bidiyo tsari a hanya. Muka sake kwashe komai da kebul, muka bi su ɗaya bayan ɗaya da MediaInfo. Fayil 64 ne, kuma sai da muka duba kowanne.

Kuɗin aiki bai karɓa ba, ya ce in dai zuba wa janareta mai. Lita biyar na saya ranar farko, uku a rana ta biyu, sai gurasa da tsire da na kawo wa yaran shagon. A manhajar editin DaVinci Resolve muka yi aikin, wanda yake da na kyauta da ya isa wannan hidima. Kafin a ɗora ko fayil ɗaya a kan layin editin sai da ya saita aikin gaba ɗaya: ya kunna tsarin da manhajar ke kula da launi da kanta, ya sa mafita ta zama Rec.2100 HLG. Na tambaye shi me ya sa ba PQ ba, tunda na ji ana cewa shi ne na manyan fina-finai. Ya ce PQ, wanda Dolby suka ƙirƙiro, yana auna haske da ƙayyadadden adadi har nit 10,000, kuma yana son ƙarin bayani a jikin fayil: irin allon da aka gyara kalar a kansa, da hasken da ya fi kowanne ƙarfi a bidiyon, da matsakaicinsa. Idan ba ka sa bayanin allon ba, YouTube zai ɗauka a kan Sony BVM-X300 ka yi aikin, allon da mu ko a mafarki ba mu taɓa shi ba. HLG kuwa BBC ta Ingila da NHK ta Japan ne suka haɗa shi don watsa shirye-shiryen talabijin, ba ya buƙatar wannan dogon lissafi, kuma da shi wayar ta ɗauka tun asali. Wanda ya ɗauka da HLG, ya zauna a HLG. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowacce rage mini wahala.

Gyaran kalar shi ne ya fi cin rai, domin allon shagon ma ba na HDR ba ne. Kana gyara abin da ba ka gani. Maigida ya ce in daina yarda da idona, in koma kan ma'aunin haske da ke gefe, wannan zanen da ke hawa da sauka kamar tsaunuka. Ƙa'idar da ya ba ni ɗaya ce: farin abu na yau da kullum, kamar takarda ko farar riga a inuwa, ya tsaya wajen kashi 75 cikin ɗari na ma'aunin HLG, wato kimanin nit 203. Abin da ke sama da haka a bar wa ƙyalli, rana a kan ruwan rini, walƙiyar ɗan Kura, bakin kwanon ƙarfe. Ni da farko so nake in tura komai sama, tunda ai haske muka zo nema. Ya ce idan kowa a gidan biki ya sa farar shadda, wa zai gane ango? Haka rubutun da na sa a ƙasa, sunayen kayan rini, baba da toka da kanwa: na bar su fari ƙal a matakin ƙarshe, muka fitar da ɗan guntu muka duba a waya, sai ga rubutu yana huda ido kamar fitilar babbar mota. Muka sauke shi zuwa 75 ɗin nan ya zauna lafiya. Haka muka yi ta yi, a gyara, a fitar da daƙiƙa 20, a tura waya da kebul, a shiga lungu mai duhu a duba, a dawo.

Wajen fitarwa na kusa tafka wata wautar. Na ga ProRes, tsarin fayil da ba a matse shi sosai, a cikin jerin tsarukan da YouTube ke karɓa, na ce a ba ni mafi inganci. Maigida ya yi dariya ya ce in yi lissafi. ProRes 422 HQ a 4K yana cin sama da megabit 700 a daƙiƙa. Minti 18 ya tasam ma gigabait 100. Wa zai ɗora wannan da datar waya? Muka koma H.265, tsarin da ke matse bidiyo, a cikin MP4, muka tabbatar an zaɓi Main10, wato na bit 10, domin Main zalla bit 8 ne, kuma a nan mutane da yawa suke zubar da aikinsu a mataki na ƙarshe. A saitin ƙasa muka sa shaidar launi Rec.2020, wato BT.2020 ɗin nan, ta haske HLG. YouTube yana ba da shawarar megabit 44 zuwa 56 a daƙiƙa ga HDR na 4K mai hoto 24 zuwa 30 a daƙiƙa, muka sa 50. Fayil ya fito gigabait 6.75. Kafin in tashi sai da muka sake buɗe shi da MediaInfo: bit 10, BT.2020, HLG. Takarda na jikin buhu.

Ɗorawar a gida na yi, da tsakar dare, lokacin da layi ya fi sakewa. Na gwada gudun turawa na samu wajen megabit 5, lissafi ya ba ni awa uku. Na haɗa laftof da waya, na sa bidiyon a matsayin wanda ba a jera ba, wato sai wanda na ba adireshinsa zai gani. Ya kai kashi 61 wuta ta ɗauke, batirin laftof ɗina kuwa dama sunansa kawai batir, minti goma ya mutu. Na zauna cikin duhu da sauro ina jin kamar in yi kuka. Da asuba wuta ta dawo, na koma shafin ɗorawa na zaɓi fayil ɗin nan dai, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ashe idan ɗorawa ta yanke, mutum yana da awa 24 ya dawo ya ƙarasa, muddin fayil ɗin bai canja ba. Wajen ƙarfe bakwai ya kammala.

Ga kuskuren da ya fi ƙona mini rai, kuma nawa ne ni kaɗai. Na buɗe bidiyon, 360p kawai. Bayan awa ɗaya 1080p ya fito, da azahar 4K ya fito, amma babu HDR. Na jira har isha'i, shiru. Na ce shi ke nan, wani abu ya lalace lokacin da wuta ta ɗauke. Na goge shi. Da safe na kira Maigida na faɗa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Kai da ka kwana biyu a karofi, da aka tsamo yadi daga rami wane launi ka gani?” Na ce kore-kore. Ya ce, “Sai da ya sha iska ya zama shuɗi ko? Ka ga marinin ya yar da shi don ya fito kore?” Dandalin yana sarrafa bidiyo ne mataki-mataki, ƙaramin inganci tukuna, sannan babba, HDR kuma yakan zo daga baya, wani lokaci bayan sa'o'i, wani lokaci ya kwana. Gigabait kusan bakwai na zubar da hannuna, ga bidiyon da ƙila saura ƙiris ya nuna.

Kafin ɗorawa ta uku na yi abin da ya kamata in fara da shi tun ranar farko. Na yanki daƙiƙa 40 daga wurare uku, rana da rami da ɗakin bugu, na fitar da saiti iri ɗaya, na ɗora a ɓoye. Bai kai megabait 300 ba. Kafin la'asar alamar HDR ta bayyana a gefen 2160p, wato 4K. Na ƙara tabbatarwa ta hanyar buɗe bayanan da ake kira Stats for nerds, inda layin launi ya nuna bt2020 da arib-std-b67, wanda shi ne sunan HLG a wurinsu. A lura, alamar ba ta fitowa sai a na'urar da allonta ke iya nuna HDR. A laftof ɗina har yau ba na ganinta, kuma ba wai babu ba ne.

Gwajin nan ya tona mini wani abin da ban yi tunaninsa ba sam. Na tura wa ƙanwata adireshin, ita kuma wayarta irin ta kowa ce, ba ta HDR. Ga irin waɗannan wayoyi YouTube da kansa yake sauke bidiyon zuwa tsarin yau da kullum. Na karɓi wayarta na duba: bai lalace ba, amma ɗakin bugu ya yi duhu fiye da yadda nake so, fuskar dattijon da ke riƙe da guduma ta kusa ɓacewa. Sai na tambayi kaina, su wa za su kalli bidiyon nan? Mutanenmu ne, yawancinsu a ƙananan wayoyi, a 360p ko 480p don tattalin data. Na yi mako biyu ina yi wa mutum ɗaya cikin masu yawa kwalliya, na manta da sauran. Akwai hanyar da mutum zai liƙa wa fayil nasa jadawalin sauya launi, wanda ake kira LUT, don ya nuna yadda yake so a sauke bidiyon, amma sai an bi ta wata manhajar daban, Maigida ya ce ga aiki irin nawa wahalar ta fi ribar. Muka koma shago rabin yini, muka ɗaga hasken fuskoki kaɗan a wuraren duhu, muka sake gwajin daƙiƙa 40, muka duba a wayoyi biyu gefe da gefe har kowacce ta yi daidai gwargwado.

Ɗorawa ta uku na yi ta a shagon, janareta na aiki, awa biyu da rabi. Na bar shi a ɓoye, na hana kaina taɓa shi. HDR ya fito a daren rana ta biyu, sannan na buɗe shi ga jama'a.

Da zan sake, ga yadda zan yi. Ba zan goge komai daga waya ba sai aiki ya hau ya zauna, kuma da kebul kaɗai zan kwashe. Zan buɗe MediaInfo sau biyu, kafin editin da bayan fitarwa, domin minti ɗaya ne yake ci. Zan saita launin aikin kafin in yanka ko hoto ɗaya. Zan ɗora gwaji na ƙasa da minti ɗaya in duba a waya mai HDR da marar shi. Ba zan sa ranar sakin bidiyo ba sai na ba shi kwana biyu a ɓoye. Kuma zan yi wa kaina tambaya ko 4K ɗin ma dole ne, tunda HDR ba ruwansa da girman hoto: a 1080p megabit 10 ake ba da shawara, wato bidiyon nan nawa da bai wuce gigabait 1.35 ba. Aikin biki kuwa, wanda daga hannuna filashi zai shiga, daga nan a yi ta tura shi waya zuwa waya, yanzu kashe maɓallin HDR nake yi tun kafin in fara ɗauka, domin a hanya ta biyu takardar za ta yage, kuma amarya ba za ta yafe mini fuska fayau ba.

Ranar Asabar na koma Ƙofar Mata don in nuna wa dattijon da ya bar ni na tsaya a kan raminsa. Muka shiga inuwar rumfa, na ƙure hasken waya na miƙa masa. Ya riƙe ta nesa da fuska da hannayensa da shuni ya rine har gwiwar hannu, ya kalla shiru har aka zo wurin da ake ɗaga rawani a rana. Ya ce, “Yauwa, wannan shi ne launinsa. Masu zuwa ɗaukar hoto kullum sai su mai da shi baƙi.” Na ce, “Baba, mako biyu na yi a kan wannan launin.” Ya ce shi ruwan ramin nan kusan wata guda ya yi yana jiransa kafin ya tsoma ko ƙyalle. Sannan ya laluba aljihu ya zaro tasa wayar, ƙarama mai fasasshen gilashi, ya ce in sa masa a ciki ya kai wa mutanen gida su gani.